Gwamna Lugga: Sojan Kamfanoni da Ya Zama Gwamnan Najeriya

An haifi Frederick John Dealtry Lugard, wanda mutanen Arewa suka fi sani da Gwamna Lugga, ranar 22 ga Janairu, 1858, a birnin Madras na ƙasar Indiya. Mahaifinsa limamin coci ne na sojojin Ingila da ke can, mahaifiyarsa kuwa 'yar mishan ce. Ta koma Ingila da 'ya'yanta, ba a jima ba ta rasu a 1865, Lugga yana ɗan shekara bakwai. Gidansu ba gidan wadata ba ne, kuma wannan ya yi tasiri a kan hanyar da ya bi, domin a sojan Ingila na wancan zamani hafsan da ba shi da dukiyar gado, ba shi da ubangida, ba shi da inda zai samo suna sai bakin daga. Ya yi karatu a makarantar Rossall, ya zauna jarrabawar shiga aikin gwamnatin Indiya ya faɗi, sannan ya ci ta shiga makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a 1878. Mako takwas kacal ya yi a can aka yaye su da gaggawa, saboda ana fargabar ɓarkewar yaƙi da Rasha. Iyakar karatun soja da ya yi a aji ke nan.

Sauran ya koye shi ne a fage. Ya je yaƙin Afganistan daga 1879 zuwa 1880, inda rashin lafiya ta hana shi taɓuka abin kirki. A 1885 aka tura shi Suwakin, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, inda Ingilishi ke fafatawa da mayaƙan Mahadi ƙarƙashin Usman Digna. Daga nan sai ƙasar Bama, wato Burma, inda ya samu lambar yabo ta DSO a 1887. A yaƙe-yaƙen nan biyu na baya aikinsa kula da sufuri ne: raƙuma, alfadarai, giwaye, abinci da harsashi. Aiki ne da hafsoshi masu ji da kai ke rainawa, amma shi ya koya masa cewa a ƙasa mai nisa, wanda ya iya ciyar da 'yan dakonsa ya kai kayansa inda ya nufa ya riga ya ci rabin yaƙi. Suwakin kuma ta bar masa tsoron duk wani motsi mai ɗauke da sunan Mahadi, tsoron da ya sake tasowa bayan shekara 21 a kusa da Sakkwato.

Ba kishin ƙasa ne ya fara kawo shi Afirka ba, ɓacin rai ne. Wata mata da ya ƙwallafa rai a kanta tun a Indiya ta juya masa baya, ga zazzaɓin Bama bai gama sakinsa ba. Ya ɗauki hutu daga soja, ya ɗan taɓa aikin kashe gobara a Landan, sannan ya shiga jirgin ruwa da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu. Ya miƙa kansa ga Italiyawa a Masawa, lokacin suna shirin karawa da Habasha, suka ce ba su bukata. A 1888 ya isa Karonga, a arewacin tafkin Nyasa, cikin ƙasar Malawi ta yau, inda wani kamfanin 'yan kasuwar Sikotlan mai suna African Lakes Company ke rigima da wani babban mai fataucin bayi da hauren giwa, Mlozi. Lugga ya jagoranci farmaki a kan ɗaya daga cikin sansanonin mutanen Mlozi. Yana ƙoƙarin haura shinge harsashi guda ya shiga ta gwiwar hannunsa na dama, ya ratsa ta ƙirjinsa, ya farfasa wuyan hannunsa na hagu. Sansanin bai ciwu ba, kuma Mlozi ya ci gaba da cin karensa ba babbaka har 1895. Amma Lugga ya koma gida da abin da ya fi nasara amfani a Ingilar wancan lokaci: tabo a jiki da sunan mai yaƙi da cinikin bayi.

Daga 1888 zuwa 1897 kamfanoni huɗu ya yi wa aiki, kowanne da tutarsa da bindigoginsa. Na biyunsu, Imperial British East Africa Company na Sir William Mackinnon, shi ya tura shi Buganda. Ya isa Mengo, fadar Buganda, a Disambar 1890 da 'yan sojoji da bindiga mai ruwa samfurin Maxim wadda ta sha jiki, ya kafa sansani a kan tudun Kampala ba tare da jiran izinin kowa ba, ya matsa wa sarkin ƙasar, Kabaka Mwanga, lamba har ya sa hannu a takardar da ta sa ƙasarsa ƙarƙashin kariyar kamfanin. Fadar Buganda a lokacin ta rabu: ga 'yan Katolika da ake dangantawa da Faransa, ga 'yan Furotesta da ake dangantawa da Ingila, ga kuma Musulmi da aka riga aka kora gefe. A 1891 ya yi doguwar tafiya yamma har gaɓar tafkin Albert, ya kwaso ragowar wasu sojojin Sudan da ke ƙarƙashin Salim Bey ya ƙara ƙarfinsa da su. Da rikici ya ɓarke ranar 24 ga Janairu, 1892, Lugga ya riga ya raba wa 'yan Furotesta bindigogi, kuma bindigarsa mai ruwa ce ta raba gardama. Mwanga ya tsere zuwa wani tsibiri a tafkin Victoria, mataimakin Lugga, Kyaftin Williams, ya bi shi can da wuta, mutane da dama suka halaka.

Limaman Katolika Faransawa suka kai kuka Turai, gwamnatin Faransa ta nemi diyya, aka tura jami'i ya binciki abin da ya faru. Hafsan da bai iya bakinsa ba da nan zai ƙare. Lugga kuwa ya koma Ingila ya shiga zagayen garuruwa yana lacca, yana rubutu a jaridu, ya fitar da littafi mai juzu'i biyu a 1893, har maganar ta juye daga "me ya aikata a Mengo" zuwa "shin Ingila za ta yi watsi da Uganda". A 1894 Ingila ta ayyana Uganda a ƙarƙashin kariyarta. Wannan salon ne ya riƙe har ƙarshen aikinsa na soja: ya aikata tukuna, Landan ta ji daga baya, sannan ya zauna ya rubuta labarin da hannunsa kafin wani ya riga shi.

Sir George Goldie na Royal Niger Company ne ya fara kawo shi yankin Kwara a 1894. Faransawa na hanƙoron ƙasar Bargu, Goldie kuma yana so a riga su samun sa hannun Sarkin Nikki. Lugga ya ratsa daji cikin damina ya isa Nikki a Nuwamba, kwanaki kaɗan kafin Kyaftin Decoeur na Faransa. Sai dai bai ga sarkin da idonsa ba. Limamin gari da wasu wakilai ne suka sa hannu a madadinsa, abin da Faransawa suka kafa hujja da shi suka ce takardar ba ta da ƙima. A hanyar komowa aka harbe shi da kibiya a ka, ta huda hularsa ta kafe a ƙoƙon kai, sai da aka fizge ta da ƙarfi. Duk wahalar nan, da aka zauna rabon ƙasa a 1898, Nikki ta faɗa hannun Faransa, kuma yau tana cikin Jamhuriyar Benin. Bayan Bargu ya tafi hamadar Kalahari neman ma'adinai wa kamfani na huɗu, tafiyar da ba ta haifar da komai ba.

Yana can aka aika masa ya komo. Sakataren mulkin mallaka, Joseph Chamberlain, yana son rundunar da za ta tsaya wa Faransawa a gaɓar Kwara, sai ya ɗora wa Lugga kafa ta a 1897. Ita ce West African Frontier Force, mai sojoji wajen 2,000 da farko, hedikwatarta a Jebba, hafsoshinta Turawa, sojojinta galibi Hausawa da Yarbawa. Wannan batu ne da ba a cika son tsayawa a kansa ba: hannun da ya ja kunamar bindiga a Kano da Sakkwato yawanci hannun ɗan ƙasa ne, kuma cikinsu akwai bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, waɗanda ba su ga dalilin tausaya wa sarauta ba.

Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfanin Goldie a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama Babban Kwamishinan Arewacin Najeriya. A takarda ƙasar ta kai har Sakkwato da tafkin Chadi. A zahiri ikonsa bai wuce bakin kogunan Kwara da Binuwai ba, kuɗinsa kaɗan ne, jami'ansa ba su taka kara sun karya ba, kuma an ɗebe masa sojoji da yawa zuwa yaƙin Asante a shekarar. Da suka dawo sai ya fara da na kusa. A farkon 1901 aka ci Kwantagora aka kori Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, aka ci Bida aka kori Etsu Abubakar. A Satumba Kanar Morland ya ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. A 1902 aka shiga Bauchi, aka wuce Barno aka zaunar da Shehu Abubakar Garbai, aka kafa bariki a Zariya, daga baya aka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau. A shekarar ce ya mayar da hedikwatarsa Zungeru, ya kuma auri Flora Shaw, tsohuwar editar harkokin mulkin mallaka ta jaridar The Times, wadda ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897. Aure ne da ya ba shi murya mai ƙarfi a Landan.

Saura Kano da Sakkwato, kuma yana bukatar dalili. Ya samu biyu. Na farko wata wasiƙa ce da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Fassararta ta Turanci kaɗai aka sani, ba a ga asalinta na Larabci ba, kuma masana tarihi, ciki har da D. J. M. Muffett wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, sun daɗe suna tababa a kanta. Na biyu shi ne kisan Kyaftin Moloney a Keffi cikin Oktoban 1902. Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe shi, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya shiga shiri bai sanar da Landan yadda ya kamata ba, har sai da ofishin mulkin mallaka ya tsinci labarin a jaridu. Suka yi fushi, suka yi ta aiko da waya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Morland ya tashi daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji 700 da 'yan kai, igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya, suka iso Kano ranar 3 ga Fabrairu. Ganuwar birnin, mai kewayen kimanin mil 11, ta gagari harsashin igwa, sai suka koma kan ƙofa ta wajen Kabuga suka karya ta. Sarki Alu ba ya gari. Ya tafi Sakkwato da yawancin dawakinsa yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, domin Abdurrahman ya rasu tun Oktoba. Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Rundunar Kano da ke komowa ta rabu a hanya: Alu ya sulale da dare, Wambai Abbas ya zaɓi sulhu, Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi ya faɗi a Kwatarkwashi. Aka naɗa Abbas sarki, aka kama Alu aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Sakkwato a filin Giginya, bayan gari. Mahaya da masu da takubba suka fuskanci sojojin da suka ja daga murabba'i, bindiga mai ruwa na ɓarin wuta. Kafin rana ta take an gama, sai wasu tsiraru da suka ƙi barin tuta suka mutu a gindinta.

Lugga bai halarci ko ɗaya daga cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Bayansu yake bi, yana isowa idan ƙura ta lafa ya yi naɗi. Ya shiga Sakkwato kwana huɗu bayan Giginya, ya tarar Waziri Buhari ya dawo da jama'a sun miƙa wuya. Ranar 21 ga Maris aka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu, kuma a jawabinsa na ranar Lugga bai ɓoye komai ba. Ya ce yadda Fulani suka ci ƙasar da yaƙi a zamanin Shehu Ɗanfodiyo suka mallaki ikon naɗi da tuɓewa da karɓar haraji da mallakar ƙasa, haka yanzu duk wannan ya koma hannun Ingila, tunda ita ma da yaƙi ta ci. Ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Attahiru na Farko, wato ɗan Ahmadu, kuwa ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, talakawa da sarakai suka yi ta barin gonaki suna bin sa, har abin ya firgita Turawa fiye da yaƙin kansa. Aka rutsa da shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903, aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Manjo Marsh, kwamandan Turawa, shi ma ya mutu a wurin. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiyar har Sudan, inda zuriyarsu ke zaune a garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda aka fi tunawa da Lugga a kansa, daga baya ne aka yi masa ado da falsafa. Asalinsa rashi ne. Mutumin da ke da 'yan Razdan ƙalilan da kasafin da ke dogara da tallafin baitulmalin Ingila ba shi da yadda zai mulki miliyoyin mutane sai ta hannun sarki da hakimi da alƙali da dagaci, waɗanda ya tarar da littafin harajinsu da kotunansu suna aiki. Abin da ya canza shi ne wanda sarki ke tsoro: a da Sakkwato ce da malamai da manyan bayin sarki, yanzu Razdan ne da takardar naɗi. Ko baitulmalin En'e, ginshiƙin tsarin, ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Richmond Palmer ne ya fara shi a Katsina bayan tafiyar Lugga. Batun bauta ma haka ya bi da shi. Dokarsa ta 1901 ta hana harin kama bayi da sayar da su, ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba, kuma an riƙa hana masu gudu samun wurin zama, don kada gandayen sarakai su mutu haraji ya karye. Ibrahim Nagwamatse, wanda aka kora a 1901 da sunan babban maharin bayi, a 1903 aka mayar da shi gadon Kwantagora.

Shekarar 1906 ta nuna iyakar haƙurinsa. A Satiru, ƙauye kudu da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo suka taru ƙarƙashin Malam Isa da wani malami, Ɗan Makaho, wanda ya ƙetaro daga ƙasar Faransa, suna da'awar Mahadi. Ranar 14 ga Fabrairu muƙaddashin Razdan, Hillary, ya je da sojan doki. Mutanen da makamansu ba su wuce gatari da fartanya da baka ba suka auka musu kafin su daidaita sahu, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Lugga ya janyo sojojin da ya tura ƙasar Tibi. Sarkin Musulmi da sarakuna suka tsaya bayan Turawa, domin tawayen ya fi yi musu barazana. Ranar 10 ga Maris aka shafe Satiru: an kashe mutane wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato, aka haramta sake gina garin. A Afrilu aka ci Haɗeja aka kashe Sarki Muhammadu a fadarsa. Sabuwar gwamnatin Liberal a Landan ba ta ji daɗi ba. Winston Churchill, ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka a lokacin, ya yi kakkausar suka a takardun ofis kan yawan zubar da jinin. Aka kuma ƙi amincewa da buƙatar Lugga ta riƙa mulki daga Landan na wasu watanni kowace shekara don ya kasance kusa da matarsa, wadda Zungeru ba ta karɓe ta ba. Ya ajiye aiki a 1906.

Daga 1907 zuwa 1912 ya yi gwamnan Hong Kong, inda abin da ya bari shi ne jami'ar birnin. Aka dawo da shi Najeriya a 1912 don ya haɗe Arewa da Kudu, aka yi hakan ranar 1 ga Janairu, 1914, ya zama Gwamna Janar. Dalilin na kuɗi ne: Arewa na cin tallafi, Kudu na da rarar kuɗin kwastan, mafi yawa daga giyar da ake shigowa da ita, ga layin dogo ya riga ya kai Kano tun 1911. E. D. Morel ya ba da shawarar a raba ƙasar gida huɗu, Charles Temple ya ce bakwai. Lugga ya ƙi, ya bar ta gida biyu kowanne da Laftanan Gwamnansa da ofisoshinsa. Baitulmali da jirgin ƙasa aka haɗe, ba a yi wani yunƙurin haɗa mutane ba, kuma wannan zaɓi nasa ne, ba tilas ba ne. Shi ya zaɓi Kaduna ta maye gurbin Zungeru, aka tare a 1917.

Zangonsa na biyu bai kai na farko armashi ba. Ya ɗauki tsarin da ya yi aiki a masarautu ya kai inda bai dace ba. Ya soke 'yancin Egba a 1914, ya ɗora haraji kai tsaye a ƙasar Yarbawa ya kumbura ikon sarakunansu fiye da yadda al'ada ta ba su, abin da ya jawo boren Iseyin da Okeho a 1916 da yaƙin Adubi a 1918, duka aka murƙushe su da bindiga. Bai iya raba aiki ba. Da shi da ƙanensa Edward sukan kwana kan takardu har na ƙananan al'amura. Tsakaninsa da 'yan bokon Legas kuwa ba a ga maciji, kuma jaridunsu sun yi murna a fili da ya tafi. Magajinsa, Sir Hugh Clifford, ya soki yadda ya tarar da ofisoshin gwamnati.

Ya yi ritaya a 1919 ya koma ƙauyen Abinger a Surrey, inda alƙalami ya yi masa abin da mulkin Legas bai yi masa ba. Littafinsa The Dual Mandate in British Tropical Africa, wanda ya fito a 1922, ya kafa hujjar cewa Turai na Afirka ne don amfanin kanta da kuma ci gaban 'yan ƙasa a lokaci guda, ya kuma zama abin karantawa ga duk sabon Di'o. Ya wakilci Ingila a hukumar Majalisar Ƙawancen Ƙasashe mai sa ido kan yankunan da aka ba da riƙo har 1936, aka ba shi sarautar Lord a 1928. Flora ta rasu a 1929, ba su haihu ba. Shi kuma ya rasu ranar 11 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 87. Takardunsa suka koma hannun Margery Perham ta Jami'ar Oxford, aminiyarsa a shekarunsa na ƙarshe, wadda ta rubuta tarihinsa cikin juzu'i biyu a 1956 da 1960.